Sefa 14 a gaban sunan marigayi

Shugaba, ka yi mini afuwa, rahoton kuɗi zai ɗan jira. Akwai abin da ya hana ni barci tun makon jiya, in ban faɗe shi yanzu ba sauran maganar ba za ta fito daidai ba.

Kun san ɗan'uwanmu da muka kai makwancinsa watan da ya wuce. Iyalinsa tana takaba, sai ta aiko ɗansu na fari ya karɓi haƙƙinsu na asusun gaggawa. Na buɗe kwamfuta a gabansa, na nemo sunan mahaifinsa, na ga wata 7 a jere an rubuta ya biya sefa 2 kowane wata. Jimla sefa 14. Ni da bakina na ce wa yaron nan mahaifinsa yana da bashi, sai kwamiti ya zauna. Bai ce mini komai ba, ya sa takalminsa ya fita. Washegari ya dawo da gwangwanin madara, ya zazzage mini rasit a kan tebur, kowanne an ninke shi huɗu, kowanne sefa 2000, kowanne da tambarin ƙungiya. Mutumin da ko ranar da ba shi da na cefane sai ya kawo kuɗin wata, shi na kira mai bashi a gaban marayansa.

Dole ku ji yadda aka yi, domin ba shi kaɗai ba ne.

A taron da ya gabata ku kuka yanke a raba kuɗin wata gida biyu, rabi na gudanarwa, rabi na asusun gaggawa. A takarda layi ɗaya za a ja da biro. A rumbun bayanai kuwa, wato manhajar da ke ajiye sunaye da kuɗin 'yan ƙungiya a kwamfuta, sai an sauya zubin jadawalin: a buɗe sababbin gurabe biyu, a kwashe abin da ke tsohon gurbi a zuba, a goge tsohon. Yaronmu mai kula da na'ura ya rubuta umarni ɗaya, ya gwada a nan Garwa ta Kamaru ya ga ya wuce lafiya, ya tura wa rassanmu na Marwa da Ngaundare. Abin da ni ban sani ba, shi kuma bai ɗauke shi da nauyi ba, rassan nan uku ba rumbu iri ɗaya suke amfani da shi ba. Namu SQLite ne, fayil guda a cikin kwamfutar ofis. Na Marwa MySQL ne a sabar haya, wato kwamfutar wani kamfani da ake haya ana ajiye bayanai a kanta. Na Ngaundare PostgreSQL, wanda ɗalibanmu na jami'ar can suka kafa.

Duk ukun harshen umarni ɗaya suke ji, SQL, wanda aka yi wa ƙa'ida tun 1986. Amma kowa da karin harshensa. Ku da ke zaune nan ba sai na yi muku dogon bayani ba: Bakano ya ce fito, Basakkwace ya ce hito, an fahimci juna, an yi dariya. Inda rigima take shi ne kalma ɗaya ma'ana biyu. Ɗan Kano ya ce jaka yana nufin naira 200, mutumin Damagaram ya ce jika yana nufin sefa 1000. To irin wannan ce ta ci mu.

Tsohon gurbin kuɗi na rubutu ne, kowa na sa adadi yadda ya saba. Ni da na yi makaranta a gida ina rubuta 2000. Mataimakina da ya yi lakwal a nan yana sa ɗigo, 2.000, wani kuma ya bar fili, 2 000. Sababbin guraben na lamba ne zalla. PostgreSQL na ganin 2.000 ya ce wannan ba cikakkiyar lamba ba ce, ya tsaya, kuma da yake shi yana iya ɗaure dukan aikin ya zama ko duka ko babu, sai ya mayar da komai yadda yake kamar ba a taɓa ba. Mutanen Ngaundare har suka kira suna ƙorafi wai nasu ya ƙi aiki. Wallahi su ne suka tsira.

MySQL ya bi wata hanya. Shi da zarar an sauya zubin jadawali ya tabbatar da shi nan take, ba ya komawa. Ya buɗe sababbin gurabe, ya fara kwashe kuɗi, ya ci karo da 2 000 mai fili, ya ƙi. Aka bar Marwa da gurabe biyu fanko, aikin bai kammala ba kuma bai koma baya ba. Da suka sake gwadawa sai ya ce ai gurbin yana nan, ba za a buɗe shi sau biyu ba. Kwana uku duk ɗan ƙungiya a Marwa sifiri yake nunawa. Amma ko wannan da sauƙi, domin sifiri kowa ya gani ya san akwai matsala, kuma tsohon gurbinsu na nan.

Namu ne ya yi shiru. SQLite mai kawaici ne, kusan duk abin da ka ba shi zai karɓa. Ya ga 2.000, ya karanta shi biyu da ɗigo da sifiri uku, wato biyu, ya rubuta 2. Ya goge tsohon gurbi kamar yadda aka umarce shi, ya ce an gama. Haka sefa 14,000 na bawan Allah nan suka koma 14.

Kada wani ya tashi ya ce na'ura ce ta cuce mu. Duk waɗannan halaye a rubuce suke a littattafan masu rumbunan, ba ɓoye su aka yi ba.  Kada kuma a ɗora wa yaronmu mai kula da na'ura. Kyauta yake mana aiki, da daddare bayan ya tashi daga shago, a zafin Garwa da kun sani, wuta na zuwa tana tafiya. Ya nemi a kama masa ƙaramar saba ta gwaji, ni na ce asusu ba kuɗi. Kuma gaskiya na faɗa, babu, domin fiye da rabin masu zaune a ɗakin nan ba su biya na wata uku ba. Alhazai, da ku nake. Ana biki kowa na nan da babbar riga, ana kuɗin wata sai a ce kasuwa ta mutu.

Ga abin da nake roƙo a amince yau. Ba a sake taɓa zubin rumbu sai an ɗauki kwafi an ajiye a waje biyu. A gwada kowane sauyi a kan dukan ukun, da kwafin ainihin bayananmu masu ɗigo da fili, ba sunaye biyar na wasa ba. A yi shi daki-daki: a buɗe gurbi yau, a kwashe gobe, a haɗa jimlar tsoho da ta sabo a ga sun yi daidai, tsohon gurbi kuma ya kwana wata guda kafin a goge. Da jimlar nan kaɗai muka duba, da ban kunyata maraya ba. Ni ra'ayina ma mu koma rumbu ɗaya duka rassa, PostgreSQL, amma wannan sai an zauna da Marwa, kuma can ma da aiki, domin tsofaffin jadawalinsu na latin1 ne, ba ya ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ, duk mai suna Ɗahiru ya koma ?ahiru. Mun bar gida, mun bar Kurmi da Kantin Kwari, yanzu har lanƙwasar sunanmu za mu bari?

Rahoto a gurguje: kujeru an gyara, tabarmi biyu sun ɓata, kuɗin hayar ɗaki an biya, ziyarar asibiti an yi, sauran yana takarda ku karanta.

Duk wanda mataimakina ya karɓi kuɗinsa, ya kawo mini rasit kafin Juma'a, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya da kwafin rasit ɗin da ke ofis. Kuɗin iyalin marigayi na ƙirga su, suna cikin ambulan ɗin nan. Shugaba, ina roƙon kai da Liman da Hajiya shugabar mata ku raka ni gidan bayan la'asar. Ni zan yi magana, amma ba zan iya shiga ni kaɗai ba.