Magungunan Taɓin Hankali da Haɗarin Daskarewar Jini

Tun daga shekarar 1952, lokacin da likitoci a birnin Paris suka fara ba masu taɓin hankali chlorpromazine, wanda aka fi sani da Largactil, magungunan wannan aji suka mayar da ɗimbin mutane cikin iyalansu. Haloperidol da risperidone da olanzapine da clozapine duk 'yan gida ɗaya ne. Sai dai suna da wata illa da ba kasafai ake yi wa masu jinya bayaninta ba, wato daskarewar jini a cikin jijiya da kuma shanyewar ɓarin jiki.

Jinin da ke komowa daga ƙafa zuwa zuciya yana dogara ne da motsin tsokar sharaɓa, wadda ke matsa jijiya duk lokacin da mutum ya taka. Waɗannan magunguna kuwa suna kawo barci da kasala, wasu kuma suna sa ƙiba, don haka mara lafiya yakan wuni a kwance. Jinin da ya daɗe bai gudana sosai ba yakan dunƙule ya zama guda, kuma idan gudan ya ɓalle, yana iya bin jijiya har ya toshe hanyar jini a huhu. Ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafin bazara yana ƙara haɗarin, haka ma ɗaure mara lafiya da mari a wuri guda, abin da bai kamata a yi wa ɗan Adam ba tun farko.

Wani bincike da masana na Jami'ar Nottingham ta Ingila suka wallafa a 2010 ya nuna cewa haɗarin ya ƙaru da kusan kashi 32 cikin 100 ga masu shan maganin, kuma ya ninka sau biyu a watanni ukun farko. Amma a lura da ainihin adadin: ƙarin mutum huɗu ne cikin 10,000 a shekara, ko goma idan shekarunsu sun kai 65.

Batun shanyewar ɓarin jiki ya fi shafar tsofaffi masu gigin tsufa, waɗanda ake ba maganin domin su natsu. A 2004 hukumomin kula da magunguna na Birtaniya suka yi gargaɗi cewa risperidone da olanzapine suna ninka haɗarin kusan sau uku ga irin waɗannan tsofaffi, sannan a 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta wajabta rubuta gargaɗin ƙaruwar mace-mace a cikinsu a takardar maganin.

Masu jinya su riƙa duba ƙafafun mara lafiya. Idan sharaɓa ɗaya ta kumbura ta fi 'yar'uwarta, ta yi zafi, tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya tare da ciwon ƙirji, asibiti za a nufa nan take, kuma kada a murza ƙafar. Haka nan idan baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta harɗe, waɗanda alamun shanyewar ɓarin jiki ne, domin allurar narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa galibi cikin awa huɗu da rabi take da amfani.

Kada a dakatar da maganin ba tare da sanin likita ba, saboda yankewa lokaci guda kan dawo da ciwon da ƙarfinsa. A dai sanar da likita idan akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, maganin tsarin iyali, ko an taɓa samun gudan jini a baya, domin ya zaɓi magani da ma'aunin da ya dace.