Ƙurar furen pikan daban, ƙwallon pikan daban

Assalamu alaikum, masu kallo. Tun da watan Afrilu ya kama, tambaya ɗaya ce take ta yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan uwanmu mazauna jihohin kudu na ƙasar Amurka, musamman ɗalibai da ma'aikatan da ke zaune a Houston da Dallas da Atlanta. Likita ya auna mutum, ya shaida masa cewa jikinsa ba ya jituwa da ƙurar furen bishiyar pikan, to shin ke nan shi da cin ƙwallon pikan, wato 'ya'yan bishiyar da ake fasa ɓawonsu a ci, sun yi hannun riga? Wasu suna cewa haka ne, wasu suna cewa ba haka ba ne, har ma akwai masu ba da shawarar a riƙa cin ƙwallon kaɗan-kaɗan domin jiki ya saba. Wannan shawara ta ƙarshe ita ce ta sa muka haɗa bidiyon nan, domin tana iya jefa rayuwar mutum cikin haɗari.

Bishiyar da kuke gani a allo ita ce pikan. Asalinta daga kwarin Kogin Misisipi ne zuwa arewacin Meziko, kuma danginsu ɗaya da bishiyoyin walnot da hikori, waɗanda su ma ake cin ƙwallonsu. Jihar Teksas ta ayyana ta a matsayin bishiyar jiha tun a shekarar 1919, kuma a yau jihohin Jojiya da Niyu Meziko da Teksas suna kan gaba wajen nomanta a Amurka. Sai dai ba a gonaki kaɗai take ba, domin ana shuka ta a ƙofar gida da bakin titi da harabar makaranta saboda inuwarta, shi ya sa mutumin da bai taɓa taka gonar pikan ba yake iya kwana yana shaƙar ƙurarta.

Ku dubi reshen nan da kyau. Waɗannan korayen zaruruwa da suke reto uku-uku su ne furannin namiji, furen mace kuwa ƙarami ne, yana can a bakin sabon reshe, da wuya ido ya kai gare shi. Ga shi mai ɗaukar hoton ya ɗan taɓa ɗaya da yatsa, kun ga yadda wata ƙura mai launin rawaya ta tashi ta bi iska. Pikan ba ta dogara da ƙudan zuma wajen barbara ba, iska ce take kai mata ƙurar daga bishiya zuwa bishiya, saboda haka dole ta fitar da ita da yawan gaske. Wasu irin suna sakin ƙurarsu da wuri, wasu kuma sai daga baya, manoma kuwa suna haɗa nau'in biyu a gona ɗaya domin a sami 'ya'ya, wannan ne yake jan lokacin ya ɗauki makonni, galibi daga Afrilu zuwa Mayu. A Afirka ta Kudu, inda ita ma ake noman pikan, lokacin yana faɗawa ne wajen Oktoba da Nuwamba.

Idan ƙurar ta sauka a hanci ko a ido, garkuwar jikin wasu mutane tana ɗaukarta a matsayin abokiyar gaba, sai ta ƙera wani makami da likitoci suke kira IgE, wanda duk lokacin da aka sake haɗuwa yake sa jiki ya saki sinadarin histamin. Daga nan sai atishawa a jere, da majina fara mai kama da ruwa, da toshewar hanci, da ƙaiƙayin ido da na ganɗa da na maƙogwaro. Mutanenmu da suka saba da murar hunturu sukan ɗauka ita ce ta biyo su, amma mura takan zo da ɗan zazzaɓi da ciwon jiki, ta tafi cikin mako ɗaya ko kwana 10, wannan kuwa babu zazzaɓi, ƙaiƙayi ne ya fi yawa, tana ɗaukar makonni, kuma tana dawowa a wata guda kowace shekara. Sau da yawa ba ta bayyana a shekarar farko da mutum ya sauka a ƙasar, sai jiki ya haɗu da ƙurar a karo na biyu ko na uku. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba shi da wani aiki a nan.

Yanzu mun zo inda ake yin tuntuɓe, kuma ina roƙon ku saurara da natsuwa. Bishiya ɗaya ce take fitar da ƙurar da ƙwallon, amma abin da garkuwar jiki take ganewa ba sunan bishiya ba ne, sinadaran furotin ne, kuma waɗanda suka fi tayar da hankali a cikin ƙwallon ba su ne suke sa atishawa a cikin ƙurar ba. A cikin ƙwallon akwai furotin ɗin da bishiyar ta tanada a matsayin guzurin tsiron da zai fito, masana sun ba su sunaye irin su Car i 1 da Car i 2 da Car i 4. Waɗannan suna da taurin kai, wuta ba ta lalata su yadda ya kamata, ruwan narkar da abinci na ciki ma ba ya saurin karya su, saboda haka gasa ƙwallon ko dafa shi cikin kek ba ya kawar da haɗarin ga wanda jikinsa ba ya karɓarsa.

Abin da wannan yake nufi shi ne, mutum yana iya shan wahalar ƙurar duk shekara amma ya ci ƙwallon lafiya lau, wani kuma yana iya zama a ƙarƙashin bishiyar ba tare da ko atishawa ɗaya ba, amma ɓarin ƙwallo guda ya kai shi asibiti. Akwai kuma wanda ya haɗa duka biyun. Ba a gane ko wane ne wane da hasashe.

Bambancin yana da muhimmanci ne saboda girman abin da kowannensu yake iya jawowa. Borin ƙura, wato rashin jituwar jiki da ita, yana hana barci, yana hana karatu da aiki, yana kuma iya tayar wa mai asma da ciwonsa, wanda shi ma ba abin wasa ba ne. Borin ƙwallon kuwa yana zuwa ne cikin mintoci, ko dai cikin sa'o'i 2 bayan an ci. Ku dubi hotunan nan. Fata ta yi ruɗu-ruɗu, leɓe da harshe da fatar ido sun kumbura, murya ta dushe, numfashi yana fita da ƙyar da wata ƙara kamar fito, ga amai da murɗar ciki, wani ma jiri ya ɗebe shi ya faɗi saboda jininsa ya sauka. Wannan shi ne abin da likitoci suke kira anafilaksis, kuma maganinsa na farko allurar adirenalin ce a gefen cinya ta waje, irin wadda ake sayarwa da sunan EpiPen, sannan a kira lambar gaggawa ta 911 nan take, ko da mutum ya ji sauƙi, domin abin yana iya juyowa. Ƙwayar Piriton ko wata makamanciyarta tana rage ƙaiƙayin fata ne kawai, ba ta buɗe maƙogwaron da ya kumbura. Abin da ya fi tayar mini da hankali a cikin saƙonnin da suke yawo shi ne yadda ake haɗa waɗannan alamomi da atishawar Afrilu a kwando ɗaya, har uwa ta ga leɓen ɗanta ya kumbura bayan ya ci kek ta ce ai lokacin ƙura ne.

To yaya ake tantancewa? Ga hannun wani da ake yi wa gwajin fata. Ma'aikaciyar jinya ta yi alamomi da biro a cikin damtsensa na ƙasa, ta ɗiga ruwan gwaji a kusa da kowace alama, ta ɗan tsikari fatar ba tare da jini ya fito ba. Bayan minti 15 zuwa 20, inda jiki ya gane abin sai ya tasa kamar cizon sauro, a auna faɗinsa. Ku lura cewa ruwan gwajin ƙurar pikan daban yake, na ƙwallon pikan daban, haka ma a gwajin jini kowanne yana da layinsa a takardar sakamako. Saboda haka idan an ce muku pikan ta fito, ku tambayi likita kai tsaye ko ƙurar ce ko ƙwallon. Kafin gwajin fata ana dakatar da ƙwayoyin hana ƙaiƙayi na wasu kwanaki, likitan zai faɗa muku adadin.

Akwai kuma wani mataki da ya fi wannan. Fitowar abu a gwaji tana nuna cewa jiki ya san shi ne, ba lallai ba ne ta nuna yana cutarwa, shi ya sa likita yake ɗora sakamakon a kan tarihin mutum. Wanda ya saba cin pikan ba tare da ko ƙaiƙayin baki ba, sakamakon ƙura kaɗai ba hujja ba ce ta daina ci, sai dai ya tabbatar daga bakin likitansa. Wanda kuwa ya taɓa jin bakinsa ya yi ƙaiƙayi ko leɓensa ya yi nauyi bayan ya ci, to ya dakata har sai an duba shi, ya kuma haɗa da walnot, domin furotin ɗinsu suna kama da juna ƙwarai, wanda ɗaya ya kama sau da yawa ɗayan ma yana kama shi. Idan likita ya ga akwai shakka, a asibiti ake ba mutum ya ci kaɗan-kaɗan ana sa masa ido, ga adirenalin a kusa. Wannan gwaji ba na ɗakin girki ba ne, kuma cin ƙwallon ba ya rage atishawar ƙura ko kaɗan.

Gyada kuwa ba ta cikin wannan lissafi, domin dangin wake ce, borinta ma nasa gwajin daban, saboda haka sakamakon pikan kaɗai ba ya raba kowa da ƙuli-ƙuli ko yajin tsire. Wanda aka tabbatar masa da borin ƙwallon, ya riƙa karanta bayan kwali, domin tun daga dokar da aka yi a 2004 wajibi ne kamfanonin abinci a Amurka su rubuta sunan irin waɗannan ƙwallaye idan suna cikin kayan haɗi. A gidan abinci da wajen walima kuwa sai an tambaya, musamman game da kek da alewa da askirim.

Sauran bayanin, wato kula da borin ƙurar, ba shi da sarƙaƙiya. Ku riƙa duba ƙididdigar ƙura da ake bayarwa tare da hasashen yanayi, ku rufe tagogin gida da na mota a ranakun da iska busasshiya take kaɗawa, kada ku shanya tufafi a waje, in kun dawo gida ku canja kaya ku wanke fuska da gashi, in kuma za ku share zaruruwan da suka zube a tsakar gida ku sa takunkumi da tabarau. Ƙwayoyi irin su cetirizine da loratadine da fexofenadine ba su kai Piriton sa barci ba. Maganin feshin hanci irin su fluticasone shi ya fi ƙarfi wajen toshewar hanci, amma sai an fara shi mako ɗaya ko biyu kafin lokacin, a kuma ci gaba kullum, ana karkata bakin kwalbar zuwa gefen kunne kamar yadda kuke gani, ba zuwa bangon tsakiyar hanci ba. Feshin oxymetazoline mai buɗe hanci nan take kada ya wuce kwana 3, in ba haka ba toshewar takan dawo fiye da da. Ruwan gishiri na wanke hanci kuma a haɗa shi da ruwan da aka tafasa ya huce.

Mai juna biyu da ƙananan yara su tuntuɓi likita kafin shan kowanne daga ciki. Wanda magungunan nan ba su ishe shi ba, akwai allurar horar da garkuwar jiki da ake yi a asibiti tsawon shekara 3 zuwa 5, ita kuma ƙurar take magancewa, ba ta taɓa borin ƙwallon. Mai asma ya tabbatar abin shaƙarsa yana aljihunsa tun kafin Afrilu, idan kuma tari ya fara tayar da shi cikin dare ko ƙirjinsa ya fara ɗaurewa, ya ga likita a cikin makon, kada ya jira ƙurar ta wuce.