Tsohuwar kwamfuta a hannun ɗan talaka

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

A shekarar 2022 kaɗai, duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, in ji rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Cikin tarkacen nan har da kwamfutocin da lafiyarsu ƙalau, ofis ne kawai ya sayi sababbi. Ga shi kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a Oktoban 2025, na'urori da yawa kuma ba sa iya ɗaukar Windows 11. A daidai lokacin da ake wannan zubarwa, Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa yara 7 cikin 10 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta gajeren labari su gane. Don haka masu cewa a gyara na'urorin nan a bai wa 'ya'yan marasa hali suna da hujja. Kanada ma tun 1993 take wannan aiki.

Gyaran ba wani tashin hankali ba ne. Mai gyara zai kwance bayan kwamfutar, ya hure ƙurar da ta toshe fanka, ya goge bayanan mai ita na da kakaf, ya sa mata ma'adanar bayanai mai sauri da ake kira SSD, sannan ya ɗora mata Linux, manhajar da kyauta ce kuma ba ta da nauyi. Na'urar da sai ka gaji da jira kafin ta farka, sai ga ta ta tashi kafin ka gyara zama.

To amma fa, ba girin-girin ba, ta yi mai. Ƙasar Peru ta raba ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa ga 'yan firamare ƙarƙashin shirin One Laptop per Child, wato kowane yaro da kwamfutarsa. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi sawu a 2012, sai ya tarar yaran sun iya na'urar sarai, amma makinsu a karatu da lissafi bai motsa ba. A Romaniya abin ya fi haka: yaran da aka taimaka wa iyayensu suka sayi kwamfuta, makinsu na makaranta ƙasa ya yi, don galibi wasannin kwamfuta suka cinye lokacin.

Ni a ganina, wannan ba dalilin daina kyautar ba ne. Dalili ne na daina raba na'ura tsurarta, a ɗauki hoto, a watse. Yaron da ke haɗa baƙi da wasali da ƙyar yana bukatar labarai daidai ƙarfinsa, cikin harshen da yake ji, kuma a zuba su tun kafin a miƙa masa, tunda gidan da bai iya sayen kwamfuta ba da wuya ya iya kuɗin data kullum. Dandalin StoryWeaver na da dubban littattafan yara kyauta, manhajar Kiwix kuma na buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba. Sannan yana bukatar malami ko yayarsa ta zauna kusa da shi, ta ji yana karantawa da ƙarfi, ta tsayar da shi inda ya yi tuntuɓe.

Masu bayarwa kuma a ji tsoron Allah. Kwamfutar da batirinta ya mutu, rabin madannanta ba sa aiki, shara ce aka sauya wa mazauni, ko da an kira ta sadaka. Kafin a raba, a gwada kowace ɗaya, a haɗa ta da cajarta, a kuma rubuta wa iyaye inda za su kai ta idan ta lalace, da wanda zai biya kuɗin gyaran.