Wutar Daji da Aikin Gayya: Laccar da Aka Gabatar a Asawase, Kumasi

Assalamu alaikum. Iyayenmu sarakuna, malamanmu, iyaye mata da matasan Zango, na gode da kuka amsa wannan kira.

Dattawan da ke zaune a nan ba su manta da shekarar 1983 ba, lokacin da fari ya ƙone ƙasar Gana, wutar daji ta bi gonakin koko da na abinci ta lashe su, yunwa ta shigo har cikin Kumasi, ga kuma mutane wajen miliyan guda da aka koro daga Najeriya suka dawo gida a shekarar. Bayan wannan masifa ne aka kafa doka ta 229 a 1990, wadda ta haramta cinna wa daji wuta, ta kuma tanadi kafa ƙungiyoyin sa kai na kashe gobara a garuruwa da ƙauyuka.

Wani zai ce ina ruwan ɗan birni da wutar daji. To, masarar da muke tuƙa tuwo da ita daga Ejura take zuwa, kuma da yawanmu sun gina gidaje a bayan gari, inda ciyawa take kaiwa har gindin katanga. Idan hunturu ya kama daga Disamba zuwa Fabrairu, guntun sigari ɗaya, ko wutar da mafarauci ya kunna don ya fito da gafiya, ta isa ta cinye unguwa kafin 'yan kwana-kwana su iso.

Abin da nake roƙonku shi ne mu farfaɗo da gayya. Kafin ciyawa ta bushe, a fito tare da adduna da fartanyu a share fili mai faɗi kewaye da gidaje, rumbuna da gonaki, domin idan wuta ta iso ta rasa abin ci ta mutu. Wannan aiki ba ya yiwuwa ga mutum ɗaya, saboda idan ka share naka amma maƙwabcinka ya bar nasa, ta gefensa za ta shigo maka. Filayen da masu su suka saya suka bari babu gini, waɗanda su ne suka fi damuna, ya kamata masu unguwanni su nemi masu su tun watan Nuwamba.

Ina kuma roƙon limamanmu su yi wannan tunatarwa a huɗubar Juma'a, a koya wa kowane yaro lambar 192 ta 'yan kwana-kwana, a kuma janye shagunan da suka toshe lunguna domin motar ruwa ta samu hanyar shiga.