Bijimin Turai a Cikin Tulu, Saniyar Damagaram a Bakin Rijiya

ZAINABU: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka daga nan Damagaram. Yau mu uku ne. Ga Malam Habu, wanda ya yi furfura a aikin likitan dabbobi, ga kuma ƙanena Lawali da ya gama lisansi, yana haramar tafiya mastar. Lawali, kai ka jawo wannan magana, sai ka fara. Me za ka je ka karanta?

LAWALI: Yaya, fannin da nake so shi ne na inganta dabbobin kiwo ta hanyar kimiyyar halitta. Akwai ɗura wa saniya maniyyin bijimi ba tare da barbara ba, akwai dashen ɗan tayi daga wata saniya zuwa wata, akwai karanta ƙwayoyin gado don a san maraƙin da zai yi kyau tun bai girma ba, sannan ga gano cuta a labo da haɗa allurar rigakafi.

ZAINABU: A nan gida za ka yi?

LAWALI: Jami'armu ta nan, wadda yanzu ake kira André Salifou, ba ta daɗe ba, a 2010 aka kafa ta. Idona yana kan Yamai, Jami'ar Abdou Moumouni, inda akwai cibiyar CERPP da ke aiki kan nama da madara da fatu da ƙiraga. In Allah ya buɗa hanya kuma, akwai makarantar likitocin dabbobi ta Dakar, wato EISMV, da cibiyoyin binciken kiwon dabbobi, CIRDES a Bobo-Dioulasso da ILRI a Nairobi. Ko nan maƙwabta, Zariya, ga cibiyar NAPRI a Shika, sai dai can da Turanci ake karatu.

MALAM HABU: Ka lissafo garuruwa da yawa, ɗana, amma ban ji ka ambaci saniya ko ɗaya ba.

LAWALI: Ai Baba, sai na je can zan san abin da zan bincika.

MALAM HABU: To a nan ƴan baya suke yin tuntuɓe. Mastar shekara 2 ce, kuma in ka cire zaman aji, abin da ya rage maka na fita daji ƴan watanni ne. Saniyarmu kuwa ba ta gaggawa. Karsana a garken makiyayi takan kai shekara 4 kafin haihuwar fari, cikinta wata 9 da ƴan kwanaki. In kana son ka san ko bijimi nagari ne wajen nono, sai ƴaƴansa mata sun girma, sun haihu, an tatse su an auna. Kai ka gama mastar, ka gama doktora ta shekara 3, amsar ba ta fito ba. Wanda ya tafi ba da tambayarsa ba, malaminsa zai miƙa masa wadda ke ajiye a aljihun tebur, ya rubuta, a tafa masa, a sa littafin a kanta.

ZAINABU: Malam, bari in tsaya a wurin masu saurare. Mutum yana kiwon saniya biyu a bayan gida a Birni ko Zango, ya ji an ce a Amurka saniya ɗaya tana ba da fiye da lita 10,000 a shekara. Shi kuwa ɗan abin da yake samu bai cika ƙwarya ba. Me zai hana a kawo masa maniyyin wannan iri kawai?

MALAM HABU: Ana kawowa, Hajiya, kuma aikin ba tsafi ba ne. Maniyyin yana zuwa cikin wani siririn bututu kamar tsinken tsintsiya, a nutse cikin ruwan azot mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Muddin yana ciki, zai yi shekaru bai lalace ba. Sai dai ruwan nan yana tsiyayewa a iska kullum, ko an buɗe tulun ko ba a buɗe ba. Ranar da ya ƙafe ba a ƙara wani ba, duk abin da ke ciki ya mutu, kuma ido ba ya gane matacce da mai rai. Ki tuna tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne.

LAWALI: Sannan ga gane lokacin da saniyar ke neman bijimi.

MALAM HABU: Yauwa, wannan ma ya fi wuya. Abin yana zagayowa duk kwana 21 ko kusa da haka, amma a shanunmu masu tozo ɗan lokaci ne, sau da yawa cikin dare, wani lokacin ma ba alama. Bijimi yana ganewa da hancinsa, mai gida yana barci. Shi ya sa ake sa musu magani a daidaita su, duk su nema lokaci guda. To amma ramammiyar saniya a watan Afrilu ko Mayu, wadda ba ta ci komai ba sai busasshen kara, ko ka sa mata maganin jikinta ba zai amsa ba. Jiki yana fara ceton kansa kafin ya ɗauki ciki. Sai mai saniya ya ce allurar likita ƙarya ce, alhali yunwa ce.

ZAINABU: A ce dai an dace, ta ɗauka, ta haihu.

MALAM HABU: Ruwa-biyun farko takan yi kyau ƙwarai, ba na musu. Ta ɗauko nonon uba, ta ɗauko juriyar uwa. Matsalar tana jikoki. In aka ci gaba da zuba jinin Holstein, wato shanun Turai masu yawan nono, sai ki samu saniyar da ke fara haki tun zafi bai kai digiri 30 ba, a garin da bazara ke wuce 40. Mai yawan nono irin wannan tana iya shan fiye da lita 100 na ruwa a yini. A Damagaram fa, Hajiya! Garin da kowa ya san yadda ake bin ƴan garuwa.

ZAINABU: Kai, Malam, ka taɓo inda ke mana ciwo.

LAWALI: Amma Baba, kada masu saurare su ɗauka ana cewa a bar kimiyyar. Ni abin da ya ja ni shi ne karanta ƙwayoyin gado. Tun 2009 aka fitar da taswirar gadon saniya gaba ɗaya. Yanzu a Turai ana cire ƴan gashin jelar maraƙi, a duba alamomi wajen 50,000 a jikin ADN ɗinsa, wato sinadarin da ke ɗauke da gadonsa, a faɗa maka yadda ƴaƴansa za su yi nono. Wannan jiran shekarun da kuka ce, an rage shi sosai.

MALAM HABU: To faɗa wa Yayarka yadda na'urar ta san wace alama ce ta nono.

LAWALI: An kwatanta ne da dubban shanun da aka riga aka auna nononsu, aka rubuta.

MALAM HABU: Aka rubuta. Su sun yi shekara da shekaru suna auna nonon kowace saniya, suna rubuta uwarta da ubanta. Na'urar ba ta duba ba ce, lissafi take yi da abin da aka ba ta. Lissafin da aka gina kan Holstein kuwa ba ya aiki a kan Azawak ko jan Bororo, ko alamomin ma yawancinsu daga shanun Turai aka tsamo su. Mu inda aka daɗe ana irin wannan rubutu shi ne tashar Tukunus ta wajen Filinge, da ke zaɓen Azawak tun shekarun 1950, sai cibiyar jar akuya ta Maraɗi, sai Sayam a jihar Diffa don shanun Kuri. Garken gwamnati ke nan. Miliyoyin da ke hannun makiyaya fa?

ZAINABU: Makiyayi ma ai ba ya son a ƙirga masa shanu.

MALAM HABU: Yana da dalili, bai manta da jangali ba. Amma ga abin da ƴan lakwal ba su cika lura da shi ba. Je ki wajen Tanut ko Tesker, ki zauna da dattijon Bororo. Zai kira miki saniya da sunanta, ya faɗi uwarta da kakarta da kakar kakarta, ya faɗi bijimin da ya hau kowace, da wanda aka aro shi daga wurinsa. Ya san zuriyar da ta tsallake farin 1984 da wadda ta ƙare. Ya san wadda ke tafiyar kwana biyu ba ruwa ta kuma dawo da maraƙinta. Rajistar tana nan, a ka take, kuma duk dattijon da ya rasu da tasa yake tafiya. Ɗalibin da zai zauna ya rubuta wannan, ya haɗa da ma'aunin nono da awon ƙirjin maraƙi wata-wata, sannan ya ɗauki jini, shi ne ya aza harsashin da na'urar Lawali za ta tsaya a kai.

LAWALI: Sai dai Baba, irin wannan aikin ba ya burge masu ba da kuɗin bincike. In ka rubuta cewa za ka bi garke da littafi da sikeli, sai a ga kamar ba kimiyya ba ce.

MALAM HABU: Ka haɗa musu biyun. Su labo suke son ji, kai garke kake so, takarda ɗaya tana ɗaukar duka.

ZAINABU: Jinin da aka ɗauka, ina ake kai shi?

LAWALI: Gwajin cuta irin na PCR, mai neman gadon ƙwayar cutar a jini, ana yi a LABOCEL, babban labon dabbobi na Yamai, inda ake haɗa alluran rigakafi. Amma karanta dubban alamomin nan, yawanci sai an aika waje. Kuma kafin ya tafi dole ya zauna a firigo, ga kuran, wato wutar lantarki, da ke ɗaukewa.

ZAINABU: In ya tafi, sakamakon na wa ne?

LAWALI: Nan ne ake rigima. Akwai yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta ce ƙasar da aka ɗauki albarkatun gadonta tana da haƙƙi a cikin amfanin da aka samu. Amma ɗalibin da ke neman a biya masa kuɗin gwaji, da wuya ya tsaya karanta sharuɗɗa.

MALAM HABU: Ya kamata ya tsaya. Dubi Kuri, saniyar tafkin Cadi, mai manyan ƙahoni kamar an hura su, ba ta da tozo, tana iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Babu irinta a wani wuri a duniya. Tafkin ya janye, tana ta gaurayuwa da masu tozo. In ba a daskarar da maniyyin tsantsarta an ajiye a gida ba, wata rana sai mun roƙi wasu su ba mu labarin saniyarmu. A nan ni nake ganin amfanin tulun azot ya fi na shigo da baƙon iri.

LAWALI: Akwai ma abin da ya fi haka. Shanun Senepol na yankin Karebiyan suna da wata ƙwayar gado mai sa gashi ya zama gajere sumul, jiki ya riƙa fitar da zafi. Masana sun gyara gadon wasu shanun nama suka sa musu irinta, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce a 2022 haɗarin cin namansu kaɗan ne. Wato su suna kashe maƙudan kuɗi suna neman jure zafi.

ZAINABU: Abin da tamu ta tashi da shi kyauta.

MALAM HABU: Ni wannan gyaran gadon ban ɗokanta da shi ba tukuna. In ana maganar abin da kimiyya ta yi wa makiyayi ya gani da idonsa, a yi maganar cutar bushiya ta shanu. Mu da muka yi yawon rigakafi mun san yadda take share garke. Allurar da likitan dabbobi Walter Plowright ya samar ita ta karya ta, daga baya aka yi wadda ke jure zafi, ana kai ta ruga ba ƙanƙara. A 2011 aka shelanta cewa ta ƙare a duniya. Yanzu saura ƴar'uwarta ta awaki da tumaki, PPR, mai zawo da majina, wadda aka sa 2030 a matsayin shekarar gamawa da ita. Akuya kuwa dukiyar mata ce, daga Mirriya har Magarya. Ga ciwon huhu, ga bakkale mai sa ɓari, mai kama mutum ta ɗanyen nono. Duk waɗannan tambayoyin mastar ne, kuma ana samun amsarsu cikin watanni.

ZAINABU: To Lawali, an cika maka kunne. Da me za ka tafi Yamai?

LAWALI: Ina tunanin tazarar haihuwa. A zaɓi shanun gida a wajen Matamai, inda gawo ya yi yawa a gonaki, wasu a ƙara musu ƴaƴan gawo da harawa da ɗan dusa a ƙarshen rani, wasu a bar su yadda aka saba. Sai a riƙa ɗaukar jini ana auna sinadarin da ke nuna ko saniya ta koma neman bijimi bayan haihuwa. Wannan zai shiga cikin wata 6.

MALAM HABU: Zai shiga. Amma masu shanun da ba ka ƙara wa abinci ba za su gane, su je su tsinto gawon da kansu, lissafinka ya rikice. Ka zauna da su tun farko, ka yi musu alkawarin nasu kason in an gama, kuma ka cika. Sannan ka samu yaro ɗaya a kowane ƙauye da zai ci gaba da rubuta haihuwa bayan ka tafi.

LAWALI: Wa zai biya shi, Baba?

MALAM HABU: Ka sa shi cikin kasafin tun yanzu, a layi ɗaya da kuɗin gwajin jini.

ZAINABU: Lokaci ya cim mana. Sati mai zuwa za mu shiga kasuwar dabbobi mu ji ta bakin dillalai kan farashin ragon Balami. Malam, mun gode. Lawali, Allah ya ba da sa'a. Masu saurare, a huta lafiya.