Ƙarko: kalmar da ba a tabbatar da ita ranar ciniki

An gabatar da wannan lacca ne a Argungu, gaban ɗalibai da wasu masu sana'ar hannu. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa, an rage maimaici.

Assalamu alaikum. Iyayena dattawa, malamai, da ƙannena ɗalibai, Allah ya saka muku da alheri da kuka fito cikin wannan rana.

Kalma ɗaya tak na zo da ita, wato ƙarko. Ba wanda bai taɓa jin ta a bakin ɗan kasuwa ba: "Alhaji, ɗauki wannan, yana da ƙarko, sai ka gaji da shi ka bayar." Ni kuwa kullum sai in ce a raina, bawan Allah, ina ka ga ƙarkon nan, kayan ko daga leda ba a fitar ba?

Mu fara duba maƙwabtanta: ƙarfi, ƙwari, tauri. Dukansu da wasalin "i" suka ƙare, danginsu ɗaya da nauyi da kaifi da zafi da santsi. Wani Bature masanin Hausa, F. W. Parsons, ya yi rubutu a kansu a 1955, ya nuna sunaye ne na siffofin da jiki ke ji. Haka ne kuwa. Haƙori ke gane tauri, kafaɗa ke gane nauyi, kaifi kuma a tambayi yatsa. Har haihuwarsu iri ɗaya ce: ƙarfi ya ba mu ƙaƙƙarfa, ƙwari ya ba mu ƙwaƙƙwara, kaifi ya ba mu kakkaifa. To wani ya gwada mini haka da ƙarko. Kun ji shiru? Ba ya yiwuwa. Sai dai mu ce "mai ƙarko", ko mu ce "ya yi ƙarko". Ku lura da wannan "ya yi" ɗin, magana ce ta bayan an ga abin da ya faru. Babu gaɓar jikin da ke jin ƙarko. Damina da rani ne shaidunsa.

Turawa ta wata hanya suka bi. Kalmarsu ita ce "durable". Ingilishi ya aro ta daga Faransanci a ƙarni na 14, shi kuma ya gaje ta daga Latin, harshen Rumawa, inda "durare" ke nufin daɗewa, tushenta kuma "durus", wato mai tauri. Ke nan a wurin Rumawa abu ya yi tauri ne sannan ya daɗe. Ba na ganin laifinsu, mutanen ginin dutse ne. Amma Bahaushe bai haɗa biyun ba, kuma a ganina ya fi su lura. Tangaran yana da tauri, ku miƙa wa yaro ku gani.

Ku ɗauki fata. Majemi zai jiƙa ta, ya cire gashi, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa, ya shafa mai, ya yi ta murza har ta yi laushi kamar ƙyalle. Laushin nan shi ne ranta, don fatar da ta ƙandare tsagewa take yi. Fatar jar akuyar ƙasarmu ta Sakkwato haka fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun 'yan kasuwar Maroko, suka laƙa mata sunan Maroko, suna yi wa littattafansu bango da ita. Aiki namu, suna na wani, amma wannan zancen wata rana ne. A gidanmu akwai gafakar kakana, ya rasu kafin a haife ni, har yau ita ke riƙe da Alƙur'aninsa. Ni kuwa jakunkunan roba nawa na zubar, na daina ƙidaya.

Magina ma sun san sirrin. Azarar giginya suke nema don gara ba ta cin ta da sauƙi. Su haɗa katsin marina da gashin jima da dafara su yi laso, wato yaɓen da ke kare gini, ruwa ya zuba ya gangare. Mata su yi daɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Duwatsun ganuwar Surame, birnin Kanta, tun ƙarni na 16 suke nan, wannan kam tauri ya taimaka. Amma soron ƙasa fa? Wanda ake bi da yaɓe kafin kowace damina zai ga jikoki, wanda aka bari shekara uku sai ya zube. Ƙasa ɗaya, magini ɗaya. Ashe rabin ƙarkon yana hannun mai gida.

Shi ya sa kalmar ta fita daga kasuwa ta shiga ɗaurin aure. Muna cewa Allah ya sa auren ya yi ƙarko. Ba wanda ya taɓa roƙon aure ya yi tauri, don taurin kai ne ma ke kashe shi. (Dariya.)

Na ga hannu can baya. Ƙanena yana tambaya, me ya sa kayan da suka fi na yanzu ƙarko? Ba duka ba, ɗan'uwa. Ruɓaɓɓun kayan da sun ɓace tuntuni, nagarin ne suka rage muke gani. Amma akwai gaskiya a maganarka. Keken Raleigh da Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, abin da ya raya su shi ne ana kwance su. Makanike a Birnin Kebbi ko Jega zai buɗe, ya ga abin da ya ci, ya sauya, mota ta koma hanyar Yawuri. Tocilan da na saya kwanan baya kuwa, da ta mutu na kai wa mai gyara, ya juya ta, ya sake juya ta, ya ce, "Malam, wannan ba ta da ko noti ɗaya, liƙe ta aka yi." Na ce to ya za a yi? Ya ce in sayi wata.

Ga ladan ya kira la'asar. Sauran tambayoyin sai bayan salla.