Mawaƙin da ya ware hannuwa

Jama'a, barkanmu da yamma. Abu uku zan faɗa kan mawaƙin Italiya, Domenico Modugno. Ku ce Modunyo, haka 'yan Italiya ke furta shi.

Na farko, asalinsa. An haife shi a 1928 a Polignano a Mare, wani gari da ke kan dutse a bakin teku, can kudancin Italiya. Da karin harshen kudu ya fara waƙa, har mutane suka ɗauka ɗan tsibirin Sisili ne. To, mu wuce wannan.

Amma 1958! Ku ba ni hankalinku nan. A Sanremo, babbar gasar waƙa ta Italiya, a wancan zamani, mawaƙi kan tsaya cak ne, hannu a ƙirji, yana kukan soyayya. Sai ga wannan bawan Allah da gashin bakinsa. Da ya kai amshi, "Volare", wato tashi sama, sai ya ware hannuwa biyu kamar shirwa. Na baya, kuna ganina? Haka! Haka ya yi! Shi da Franco Migliacci suka tsara waƙar: mutum ya yi mafarki ya shafa shuɗi a fuska da hannuwa, iska ta sure shi. Shekara 13 ke nan kacal da ƙare yaƙin duniya na biyu, talauci bai gama sakin mutane ba, sai ga wani yana ce musu a tashi sama. Wallahi duk lokacin da na kalli hoton nan sai tsigar jikina ta tashi. Ya ci gasar. Waƙar ta yi mako biyar tana kan gaba a Amurka, da Italiyanci fa, kuma a bikin Grammy na farko, wato bikin karrama mawaƙa na Amurka, a 1959, ta kwashi kyauta biyu. A Eurovision kuwa, gasar waƙa ta ƙasashen Turai, ta uku ta zo. Wa ya tuna ta ɗaya a cikinku? To, kun gani.

Na uku... au, na biyu ko? Sau huɗu ya ci Sanremo.

Na'am, Hajiya? Ƙarshensa? Madalla da tambaya. A 1984 ɓarin jikinsa ya shanye. Bai kwanta ba, Hajiya. A 1987 aka zaɓe shi majalisar dokoki, ya tsaya kai da fata kan halin ƙunci da masu taɓin hankali ke ciki a asibitin Agrigento, wani gari a Sisili. Ya rasu ranar 6 ga Agusta, 1994, a gidansa na bakin teku a tsibirin Lampedusa.